NASIHA A KAN AMANAR SHAIDA, DAGA ABIN DA YA GUDANA A SHARI'AR KISAN KAI TA MINIYAFOLIS

Da sunan Allah muke farawa, gare shi muke neman taimako. Godiya ta tabbata ga Ubangiji wanda ya tsare jinin ɗan Adam da shari'a. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku malamai da almajirai, ku sani mamaci ba ya tashi gaban alƙali ya nuna wanda ya kashe shi. Abin da ya rage masa na hakki a duniya yana rataye a harshen wanda ya gani. Kadan mai gani ya faɗa, hakki ya sami ƙafar tsayuwa. Kadan ya yi shiru, to, an binne mutum an binne hakkinsa a rami ɗaya, kuma mai shirun yana da rabo cikin ƙasar da aka zuba. Wannan ita ce mas'alar da nake nufin tunatar da mu a kanta. Zan kafa misali da wata shari'a da aka yi a ƙasar Amurka, zama an yi ta a fili, duniya tana kallo, kuma abin da shaidu suka faɗa a cikinta yana nan a rubuce.

ASALIN AL'AMARIN

Ran 25 ga watan Mayu, shekara ta 2020, a birnin Miniyafolis cikin jihar Minesota, wani baƙar fata mai shekara 46, sunansa Joj Fuloyid, ya sayi taba a wani kanti da takardar dala 20 wadda aka yi zaton jabu ce. Aka kira 'yan sanda, su huɗu suka taru a kansa. Suka sa masa ankwa ta baya, suka kwantar da shi rub da ciki a kan titi. Babbansu, wani Bature mai suna Derek Shobin, wanda ya shekara 19 yana aikin, ya ɗora gwiwa a wuyansa har minti 9 da daƙiƙa 29. Mutumin ya ce ba ya iya numfashi fiye da sau 20, ya kira mahaifiyarsa, sa'an nan ya yi shiru.

Takardar farko da ofishin 'yan sanda ya fitar ta ce wani mutum ya rasu bayan rashin lafiya ta kama shi sa'ad da ake tsare da shi, kuma ba a yi aiki da makami ba. Ba ta ambaci gwiwa ba. Ku dubi wannan takarda da kyau. Kusan kowace kalma tata ana iya kare ta, amma jimlarta ƙarya ce, domin an zare abin da ya kashe mutumin daga cikinta. Da ba wanda ya yi magana, da wannan takarda ce za ta zama tarihin mutuwarsa har abada.

Aka fara jin shaidu ran 29 ga Maris 2021. Saboda annobar korona ba a bar jama'a su cika zauren ba, sai alƙali ya yi izini a watsa zaman ga kowa. Ta haka na bi shi, wani almajiri mai jin Turanci yana mayar mini da maganar da Hausa. Masu ƙara suka kawo shaidu 38, ɓangaren wanda ake ƙara suka kawo 7. A tsarinsu mutum 12 ake zaɓowa daga cikin jama'ar gari su saurara, su ne za su ce an yi laifi ko ba a yi ba, sa'an nan alƙali ya yanka gwargwadon horo.

FASALI A KAN WAƊANDA SUKA TSAYA

Abu na farko da ya kama hankalina shi ne, shaidun da suka rushe takardar hukuma ba manya ba ne. Akwai yarinya, Danela Fireziya, tana da shekara 17 ran da abin ya faru. Ta rako wata ƙaramar 'yar danginta 'yar shekara 9 kanti, ta ga abin da ake yi, ta tura ƙaramar ciki, ita kuwa ta tsaya ta ɗaga wayarta tana ɗaukar hoto mai motsi kimanin minti 10, ba ta sauke hannu ba. Akwai yaron kantin mai shekara 19. Akwai wani dattijo mai shekara 61 da ya tsaya don ya ga abin da ke gudana. Akwai wata ma'aikaciyar kashe gobara wadda ta fito yawo ran hutunta, ta yi ta roƙon a bar ta ta duba bugun jijiyar mutumin, aka hana ta. Akwai wani ɗan kokawa wanda ya kira 'yan sanda a waya ya kai ƙarar 'yan sanda, ya ce ya ga kisan kai.

Babu ɗaya cikinsu da ya fita gida da niyyar zama shaida. Ƙaddara ce ta tsayar da su a wurin, kamar yadda take iya tsayar da kowane ɗayanmu gobe a bakin kasuwa. Bambancinsu da wasu shi ne ba su juya baya ba, kuma da aka kira su bayan wata 10 suka zo, suka rantse, suka zauna inda wanda ake ƙara yake kallonsu.

Kada ku yi zaton abin ya yi musu sauƙi. Dattijon nan, da aka sake nuna masa hoton mamacin yana kiran uwarsa, ya fashe da kuka har alƙali ya dakatar da zama. Yaron kantin ya ce nadama ta dame shi, yana ganin da bai karɓi takardar kuɗin ba da duk wannan bai faru ba. Danela ta ce akwai darare da ba ta yi barci ba, tana ta neman gafarar mamacin don ba ta kai hannu ta cece shi ba, sa'an nan ta ce amma abin da ya kamata a tambaya shi ne abin da mai gwiwar ya kamata ya yi. To, ku ga yadda shaida take da nauyi. Wanda ya ga ran mutum yana fita ya ɗauki kaya a ka, ko ya faɗa ko bai faɗa ba. Mai faɗa ya sauke a inda ya dace. Mai ɓoyewa zai tafi da shi kabari. Saboda haka ne Allah ya danganta zunubin ɓoye shaida ga zuciya a ƙarshen Suratul Baƙara, ita ce wurin da kayan ke zaune.

FASALI A KAN TSAYAWA GA IYAKAR ABIN DA AKA GANI

Abu na biyu ya fi na farko wuya. Jarunta kaɗai ba ta isa mai shaida. Tilas ne ya tsaya a kan iyakar abin da idonsa ya gani da abin da kunnensa ya ji, ko da ƙari zai taimaki wanda yake tausayi.

Yaron kantin yana tausayin mamacin, amma da aka tambaye shi ya ce ya ga alamar maye a tare da shi, yana jinkirin amsa magana. Matar da mamacin yake tare da ita ta zauna tana kuka, ta faɗa da bakinta cewa su biyu sun daɗe suna fama da jarabar ƙwayoyin kashe ciwo masu sa maye. Ɗan kokawar nan, lauyan wanda ake ƙara ya karanto masa zage-zagen da ya yi wa 'yan sanda a wurin ɗaya bayan ɗaya, bai musa ba, ya dai ƙi yarda a mai da shi mahaukacin fushi. Ma'aikaciyar gobara kuwa zuciya ta ɗebe ta, ta shiga gardama da lauya, sai alƙali ya fitar da mutum 12 ɗin nan, ya tsawata mata, ya ce aikinta amsa tambaya ne. Ta dawo da safe ta ƙarasa.

Mai gajeren tunani zai ce waɗannan sun ɓata hujjar mamaci. A'a, su suka ƙarfafa ta. Mutumin da ya faɗi abin da ba ya so ya faɗa, shi ake gaskatawa sa'ad da ya faɗi sauran. Da sun ɓoye mayen, likita ya zo ya bayyana shi, da maganarsu duka ta zube, gaskiyarta da ƙaryarta tare, zama kifi ɗaya ruɓaɓɓe yakan ɓata kwando.

Akwai wani abu da ya faru cikin mako na biyu wanda nake so kowane almajiri ya riƙe. Lauyan wanda ake ƙara ya yanko ɗan guntun sauti daga na'urar da 'yan sanda ke ratayawa a ƙirji, ya kunna wa wani jami'in bincike, ya tambaye shi ko bai ji mamacin yana cewa ya sha ƙwayoyi da yawa ba. Jami'in ya ce haka ya ji. Daga baya masu ƙara suka kunna masa sautin tun daga gaba kaɗan, da abin da ya gabace shi. Sai ya ce yanzu abin da ya ji shi ne mamacin yana cewa bai sha ƙwaya ba. Sauti ɗaya, kunne ɗaya, yini ɗaya, ma'ana biyu masu karo da juna. Abin da ya sāke kawai shi ne inda aka sa wuƙa, da abin da mai tambaya ya riga ya zuba a kunnen mai amsa.

Ku auna wannan da abin da ke yawo a wayoyin mutane. Guntun hoto yakan iso ga mutum, ba ya san farkonsa, ba ya san ƙarshensa, an rubuta masa a ƙasa abin da ake so ya gani, kafin la'asar ya yanke wa wani hukuncin kisa a zuciyarsa, yana tura wa mutane yana cewa na gani da idona. Bai gani ba, an nuna masa ne. Malamanmu na fiƙihu sun bambanta tsakanin shaidar gani da shaidar ji, kuma ba su yarda a zubar da jini da ji-ta-ji-ta ba. Hoton Danela bai zama hujja ba sai da ita kanta ta zo ta rantse cewa ita ta ɗauka, aka haɗa shi da hotunan wasu na'urori daga wasu kusurwoyi, aka ba wanda ake ƙara dama ya soke shi in zai iya. Wannan dama ita ce makamanciyar abin da alƙalanmu ke kira i'izari, wato a tambayi wanda hujja ta hau kansa ko yana da sauran abin faɗa ko sukar shaidu kafin a yanke.

FASALI A KAN SHAIDA BISA NAKA

Abu na uku shi ne wanda masana ƙasar suka ce ba safai ake ganinsa ba. 'Yan sanda suka zo suka ba da shaida a kan ɗan sanda. Shaida ta farko ma ma'aikaciyar ofishin kiran gaggawa ce, wadda take kallon wurin ta na'ura. Ta ce ta ga sun daɗe ba su motsa ba har ta zaci na'urar ce ta tsaya, sai ta kira shugabansu ta gaya masa, ta ce ko da za a kira ta 'yar tsegumi. Wani hafsa wanda ya fi kowa daɗewa a rundunar ya ce abin da aka yi ba shi da wani dalili ko kaɗan. Ran 5 ga Afrilu shugaban 'yan sandan birnin da kansa ya hau kujerar shaida ya ce wannan ya saɓa wa ƙa'idarsu da abin da suke koyarwa.

Nan ne yawancinmu muke faɗuwa. Shaida a kan baƙo abu ne mai arha. Shaida a kan ɗan unguwa, ko abokin sana'a, ko ɗan ɗariƙa ɗaya, ko wanda kuka yi karatu a zaure guda, ita ce mai tsada. Mukan ce naka sai naka, mu rufa, mu kira abin zumunci. Alhali an umurce mu cikin Suratun Nisa'i da tsayar da shaida saboda Allah ko da ta hau kanmu ko iyayenmu. Sutura tana da wurinta, a kan laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa. Amma inda jinin wani ya zuba, marayunsa suna jira, rufawa a nan cin amana ne da aka sa wa rigar kirki. Ku sani kuma 'yan sanda ukun da ke tare da Shobin ba su tsira ba. A watan Fabrairu 2022 wata kotun ta kama su da laifin ƙin taimakon mutumin da ke mutuwa a hannunsu, biyu daga cikinsu kuma da laifin ƙin hana abokin aikinsu.

FASALI A KAN SHAIDAR MASANA

Lauyan wanda ake ƙara bai musa gwiwar ba, ba hali. Abin da ya riƙe shi ne ciwon zuciya da ƙwaya ne suka kashe mutumin. Sai magana ta koma ga likitoci. Wani masanin huhu, Dokta Matin Tobin, wanda bai karɓi lada ba a kan zuwansa, ya bayyana yadda kwanciya rub da ciki, da ankwa ta baya, da nauyi a wuya da gadon baya suka matse ƙirji har iskar da ke rayar da jini ta ƙare. Ya sa masu sauraro su taɓa wuyansu su ji wurin da yake nufi. Likitan da ya binciki gawar ya ce lalle akwai ciwon zuciya da ƙwaya a jiki, amma dannewar ce ta fi ƙarfin abin da zuciyar za ta ɗauka. Likitan ɗaya ɓangaren ya kawo zancen hayaƙin mota, da aka titsiye shi ya yarda ba shi da awon da ya tabbatar da hakan, ya kuma yarda ya kamata a ba mutumin agaji nan take.

Aiki da alamu ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Rigar Annabi Yusufu da aka yage ta baya ita ce asalin da malamai ke kafa hujja da shi, kuma Ibnu Farhuna, malamin mazhabarmu, ya yi dogon bayani a kan hukunci da alamu cikin Tabsiratul Hukkami. Abin lura shi ne masani ma mai shaida ne, amanar da ke kan yarinyar nan tana kansa. Wanda ya san abu ya faɗa gwargwadon saninsa, ya tsaya inda saninsa ya tsaya.

Shobin ya zaɓi kada ya yi magana, dokarsu ta ba shi wannan. Mutum 12 suka keɓe kimanin awa 10, ran 20 ga Afrilu 2021 suka ce ya yi laifi a kan tuhuma uku duka. Ran 25 ga Yuni alƙali ya ɗaure shi shekara 22 da rabi, zama jihar ba ta yanke hukuncin kisa.

FASALI A KAN ABIN DA ZA A IYA CEWA

In wani ya ce, wannan kotu ba ta shari'ar Musulunci ba ce, me ya kai mu gare ta? Sai mu ce gaskiya ne, tsarinsu daban namu daban. A mazhabar Imamu Malik ƙisasi yana tabbata da iƙirari, ko shaidar maza biyu adilai, ko ƙasama ta rantsuwa 50 kadan akwai lausu, kamar shaidar adali guda. Shaidar yara kuwa, kamar yadda ya zo a Risala, ana karɓarta tsakaninsu a kan raunuka kafin su watse ko babba ya shiga cikinsu. Amma ku lura da hikimar wannan sharaɗi na ƙarshe. Tsoron da malamai suka ji shi ne kada a zuba wa mai shaida magana a kunne, abin da muka gani ya sami babban jami'i a gaban alƙali. Sa'an nan auna shaida aikin alƙali ne. Aikin wanda ya gani shi ne ya faɗa. Ba ya halatta gare shi ya zama alƙalin kansa ya ce maganata ba za ta isa ba, ya yi shiru, domin abin da bai isa ƙisasi ba yana iya zama alamar da za ta kai ga wanda ya isa.

In wani ya ce, ina amfanin faɗa in masu hukunci sun riga sun karkata? Sai mu ba shi labari daga ƙasar nan ɗaya. A shekara ta 1955, a jihar Misisifi, Turawa biyu suka zo da dare gidan wani tsohon manomi baƙar fata, Mos Rayit, suka tafi da jikan 'yan'uwansa Emet Til, yaro mai shekara 14. Bayan kwana 3 aka tsamo gawarsa daga kogi. A zamanin nan baƙi ya tuhumi Bature a kotu kamar ya sa hannu a takardar mutuwarsa ne. Tsohon ya miƙe tsaye a zauren, ya miƙa yatsa ya nuna su. Mutum 12 ɗin duka Turawa ne, suka keɓe sa'a ɗaya da 'yan mintoci, suka sallame su. Tsohon ya bar gonarsa ya gudu Shikago. A watan Janairu 1956 mutanen biyu suka sayar wa wata mujalla labarin yadda suka kashe yaron, don sun san dokarsu ba ta sake gurfanar da wanda aka sallama a kan laifi ɗaya. To, yatsan tsohon nan ya tafi banza? Bai tafi ba. Ya sauke abin da ke wuyansa, laifin ya koma wuyan waɗanda suka ji suka ƙi. Al'amarin yaron ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da suka tayar da baƙaƙen ƙasar neman hakkinsu, kuma a shekara ta 2022 aka sa hannu a wata doka mai ɗauke da sunansa a kan irin wannan kisa. Shaida iri ce, mai shuka ba kullum yake ganin girbi ba.

In wani ya ce, ina tsoro, sai mu ce wannan ba mu raina shi ba. Mutane da yawa suna gudun shaida don sun ga wanda ya kai rahoto shi aka fara tsarewa, ko an yi ta ɗage zama har jarinsa ya ƙare a kuɗin mota, ko dangin mai laifi sun bi shi gida. Laifin wannan yana kan masu iko, kuma Allah ya hana a cutar da mai shaida cikin ayar bashi. A shari'ar Miniyafolis alƙali ya hana a nuna fuskar shaidu huɗu waɗanda yara ne sa'ad da abin ya faru, muryarsu kaɗai aka ji. Hukumar da take son gaskiya tilas ta tsare mai kawo ta. Duk da haka tsoro uzuri ne gwargwadon haɗarin da ke akwai da gaske. Ƙyuya da gudun ɓacin ran maƙwabci ba su shiga cikinsa.

KAMMALAWA

Ya kai almajiri, kadan Allah ya tsayar da kai inda aka zubar da jini, fara da ceton rai in kana da iko. In babu, to, buɗe ido ka kiyaye wane ne, a ina, wane lokaci, me ya gabata, me ya biyo. Rubuta shi a daren nan, ko da ajami a bayan takarda, tun maganar mutane ba ta gauraya da ganinka ba. In an kira ka ka je. Abin da ka gani ka ce na gani, abin da aka gaya maka ka ce an gaya mini, abin da ba ka sani ba ka ce ban sani ba, wannan kalma ba ta rage darajar kowa.

Ku kuma malamai, muna karantar da babin shaida a zaure kamar abin da ya shafi alƙalai kaɗai, alhali cikin ɗalibanmu ɗari da wuya ɗaya ya zama alƙali, amma kowannensu yana iya zama shaida. Mu koya musu tun suna kan allo cewa shaidar zur tana cikin manyan zunubai, kuma ban gani ba daga bakin wanda ya gani 'yar'uwarta ce.

Allah ya tsare harsunanmu daga ƙari da ragi, ya ƙarfafa zukatanmu ranar da za a bukace mu, ya sa gaɓoɓinmu su yi mana shaidar alheri ranar da za a rufe bakuna. Allah ne mafi sani. Haza wasalamu.